Iska Tukunya Ɗaya Ce: Yadda Lissafin Kwamfuta Ke Tona Asirin Gurɓatar Iska

A ranar 26 ga Yulin 1943, mazauna birnin Los Anjeles na Amurka suka tsinci kansu cikin wani irin hazo mai yajin ido da maƙaƙin maƙogwaro, har mutum ba ya hango abin da ya wuce layi uku a gabansa. Da yake ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wasu sun ɗauka Japanawa ne suka watso iskar guba. Da ƙura ta lafa sai aka ɗora laifin a kan wata masana'anta mai sarrafa sinadarin yin roba, aka dakatar da aikinta, amma hazon ya ci gaba da dawowa kamar ba a yi komai ba. Sai a farkon shekarun 1950 wani masanin haɗa sinadarai ɗan asalin ƙasar Holan, Arie Haagen-Smit, ya gano bakin zaren. Ya tara tururin fetur da hayaƙin ƙonewar mai a cikin kwalba, ya haska musu haske irin na rana, sai ga iskar ozon ta fito, wadda har tsaga robar da ya sa a ciki take yi. Ashe gubar da ke damun birnin babu wani bututu da ke fitar da ita. A sararin sama take dahuwa: motoci da matatun mai su kawo kayan haɗi, rana ta zama murhu.

Wannan ganowa ita ce tushen maganar da wannan rubutu ke son tabbatarwa. Iskar da muke shaƙa tukunya ɗaya ce, kuma abubuwan da ke gurɓata ta suna haɗuwa, suna cin juna, suna haifar da wasu sababbi, kamar yadda kuka da daddawa da kanwa ke zama miyar da ba ta yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba. Duk gwamnatin da ta ɗauki guba ɗaya ta ce ita kaɗai za ta yaƙa, tana iya kashe dukiya mai yawa ta ƙare da gyaran gangar Auzinawa. Ƙwaƙwalwar mutum kuwa ba ta iya riƙe ɗaruruwan haɗe-haɗen sinadarai tare da kaɗawar iska da zafin rana da ruwan sama a lokaci guda. Shi ya sa manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon sararin sama, waɗanda ke lissafa gurɓatattun abubuwa da yawa a tare, suka zama makamin da babu makawa sai da shi ga duk ƙasar da ke son tsarkake iskarta da gaske. Suna da rauni, kuma za a zo kan raunin nasu, amma hujjojin da suka taru cikin shekaru saba'in suna nuna cewa yin aiki ba tare da su ba lalube ne a cikin duhu.

Abubuwa shida, matsala ɗaya

A watan Satumban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sababbin ma'aunai kan abubuwa shida: ƙananan ɓurɓushi da ake kira PM2.5, manyan ɓurɓushi wato PM10, iskar ozon, naitirojin dayoksaid, salfa dayoksaid da kuma kabon monoksaid, wanda shi ne ke kashe iyalai cikin barci idan an kunna janareta a rufaffen ɗaki. Hukumar ta rage iyakar PM2.5 ta shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowane kubik mita na iska, ta naitirojin dayoksaid kuma daga 40 zuwa 10. Ta kuma ƙiyasta cewa kashi 99 cikin 100 na mutanen duniya suna shaƙar iskar da ta ƙetare ma'auninta, kuma gurɓatar iska ta waje da ta cikin gida tana jawo mutuwar kusan mutum miliyan 7 a kowace shekara. Mafi haɗari a jerin shi ne PM2.5, wanda kaurin silin gashi ya ninka shi kusan sau talatin, saboda haka yake ratsa huhu har ya shiga jini. Abin lura shi ne wannan suna girman ɓurɓushin kawai yake nunawa. A cikinsa akwai baƙin hayaƙi da ƙura, akwai kuma kaso mai yawa da bai fito daga ko'ina a matsayin ɓurɓushi ba, a sama ya ƙulu bayan salfa da naitirojin da amoniya sun haɗu. Wato jerin shida ne a takarda, amma jijiyoyinsu a sarƙe suke.

An daɗe kafin hukumomi su yi aiki da wannan fahimta. Bayan hazon Landan na Disamban 1952, wanda aka fara ƙiyasta ya kashe mutum 4,000, daga baya bincike ya kai adadin kusan 12,000, Ingila ta yi dokar 1956 da ta fuskanci hayaƙin kwal. Amurka ta yi tata babbar dokar a 1970, tana sa wa kowace guba iyakarta daban. Manhajojin farko ma haka suka bi: ɗaya ta ozon a cikin birane, ɗaya ta ruwan sama mai tsami, wata ta ɓurɓushi, kowace da masu kula da ita da kuma zatonta game da abin da sauran ke yi. Jiha na iya tsara yadda za ta rage ozon da manhaja ɗaya, ta tsara na ɓurɓushi da wata, amsoshin su ci karo da juna alhali masana'antu da motocin da ake magana a kansu ɗaya ne. A shekarar 1998 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fitar da manhajar CMAQ, wadda aka gina a kan aƙidar cewa sararin sama ɗaya ne, don haka lissafi ɗaya zai ɗauki ozon da ɓurɓushi da tsamin ruwan sama da sauran guba a tare. An bar ta kyauta ga kowa, kuma a yau ana aiki da ita a ƙasashe da dama. Tana da 'yan'uwa: GEOS-Chem da aka faro a Jami'ar Harvard, CHIMERE ta Faransa, da tsarin Copernicus na Tarayyar Turai mai fitar da hasashen iskar duniya kullum.

Yadda lissafin yake

Mai karatu ya ƙaddara an ɗauki sararin da ke bisa ƙasa an yanyanka shi ɗaki-ɗaki, kamar ginin bene mai hawa da yawa. A tsarin da aka saba yi wa Amurka, kowane ɗaki yana da faɗin kilomita 12 a kowane gefe, an kuma jera hawa kusan 35 daga doron ƙasa zuwa can sama, na ƙasa sirara saboda nan mutane ke numfashi, na sama masu kauri. Jimillar ɗakunan ta haura miliyan huɗu. A cikin kowane ɗaki, bayan kowane 'yan mintuna, kwamfuta tana yin tambayoyi iri ɗaya. Nawa ne ya shigo daga motoci da masana'antu da gonaki da bishiyoyin da ke ƙasa? Nawa iska ta kaɗo daga ɗakin maƙwabta, nawa ta kwashe? Nawa ne ya rikiɗe ya zama wani abu saboda hasken rana ko laimar gajimare? Nawa ruwan sama ya wanke, nawa ya sauka a kan ganye da ƙasa? Kafin ta amsa sai an ba ta abinci iri uku. Na farko bayanin yanayi, wato iska da zafi da laima na kowace sa'a. Na biyu kundin ƙidayar hayaƙi, wanda ke faɗin abin da kowace tashar lantarki da kowane rukunin motoci da kowace gunduma mai kiwo ke fitarwa; Amurka kan sabunta nata cikakke duk bayan shekara uku. Na uku jerin ɗaruruwan haɗe-haɗen sinadarai da aka auna saurinsu a ɗakunan gwaji. Ƙa'idar da ke riƙe da ginin duka mai sauƙi ce: babu abin da ke ɓacewa haka kawai, duk abin da ya bar wani ɗaki ko dai ya shiga wani, ko ya sauya kama, ko ya sauka ƙasa.

Amfanin wannan wahala ya wuce hasashen gobe. Na'urar awo da aka kafa a bakin titi tana faɗin abin da ke cikin iska yanzu, amma ba ta san daga ina ya zo ba, ba ta kuma san abin da zai faru idan aka rufe tashar kwal ko aka sauya man motoci ba. Manhajar kwaikwayo ce kaɗai ake iya yi wa tambayar "in da". Ana maimaita shekara guda sau biyu da yanayi iri ɗaya, a karo na biyu a cire rabin hayaƙin manyan motoci, sannan a kwatanta. Gwajin da ba zai yiwu a yi shi a kan miliyoyin mutane masu rai ba, sai a yi shi a cikin na'ura cikin 'yan kwanaki, kafin a sa hannu a kan doka.

Inda hankali kaɗai ke kuskure

Wani zai ce ai abin a fili yake: a rage hayaƙi, iska ta gyaru. Labarin ozon ya nuna ba kullum haka take ba. Hasken rana yana fasa naitirojin dayoksaid, ozon ta samu. Amma ɗanyen hayaƙin da ke fitowa daga salansar mota, wato naitirik oksaid, yana cinye ozon ɗin da ke kusa da shi. Tururin fetur da fenti da makamantansu su ne ke karya wannan daidaito su bar ozon ta taru. Saboda haka a tsakiyar birni mai cunkoso, inda hayaƙin naitirojin ya yi yawa, rage shi kaɗan yakan sa ozon ta ƙaru, domin an rage mai cinye ta. A karkara kuma, inda bishiyoyi ke fitar da nasu tururin da yawa, rage hayaƙin naitirojin shi ne maganin. An daɗe ana ganin wannan a Los Anjeles, inda shekaru da yawa ozon kan fi yawa a ranakun Asabar da Lahadi, lokacin da manyan motocin dizal ke hutu. An sake ganinsa a 2020, sa'ad da kullen korona ya kwashe motoci daga tituna: naitirojin dayoksaid ta faɗi a manyan birane, ozon kuma ta hau a da yawa daga cikinsu. Matakin da ya dace da wata unguwa yana iya cutar da wata mai nisan kilomita hamsin, kuma lissafi ne ke nuna inda iyakar take.

Misalin ƙasar Sin ya fi kowanne ƙarfi. Bayan mummunan hazon da ya lulluɓe Beijin a Janairun 2013, gwamnati ta fitar da shirin yaƙi da ɓurɓushi a watan Satumban shekarar: ta tsananta wa tashoshin kwal, ta rufe ƙananan tukwanen masana'antu, ta sauya wa gidaje makamashin ɗumama ɗaki. An yi nasarar da ba a cika ganin irinta ba, domin matsakaicin PM2.5 na Beijin ya sauko daga maikirogiram 89.5 a 2013 zuwa 58 a 2017. Amma a daidai wannan tsakanin ozon ta riƙa hawa a manyan biranen gabashin ƙasar, abin da ya ɗaure wa mahukunta kai. A 2019 masu bincike na Harvard da abokan aikinsu na wata jami'a a Nanjin suka yi amfani da GEOS-Chem suka riƙa cire dalilai ɗaya bayan ɗaya. Sakamakonsu ya nuna cewa ɓurɓushin da aka rage ɗin yana da wani aiki a ɓoye: yana tsotse wasu sinadarai masu gajeren rai waɗanda ke hura wutar samuwar ozon. Da aka share shi, sai suka sami sarari. Har yanzu masana na muhawara kan girman wannan tasiri idan aka kwatanta da sauran dalilai, amma darasin ya zauna. Rage ɓurɓushin daidai ne, ya kuma ceci rayuka masu yawa. Abin da ya yi saura shi ne haɗa shi da rage tururin mai da na masana'antu, kuma shirye-shiryen Sin na baya sun koma yaƙar ɓurɓushi da ozon a tare.

Akwai kuma amoniya, wadda ba ta cikin jerin shidan nan amma tana da hannu dumu-dumu a ciki. A Turai fiye da kashi 90 cikin 100 na amoniya daga gona take fitowa, daga takin zamani da kashin dabbobi. Ita kaɗai iska ce mai wari, amma in ta gamu da tsamin da hayaƙin motoci ko na kwal ya haifar, sai su ƙulle su zama gishiri mai laushi da ke shawagi a matsayin PM2.5. Shi ya sa a watan Maris, lokacin da manoma ke zuba taki, Faris da maƙwabtanta kan shiga hazo. A Maris ɗin 2014 abin ya kai hukumomi suka hana rabin motocin birnin fita na yini ɗaya bisa lambar mota, alhali kaso mai yawa na ɓurɓushin haɗin gwiwa ne tsakanin salansar mota da gonakin da ke nesa da birnin. Wani abin kuma, amoniya ta fi son haɗuwa da salfa. In aka rage salfa, amoniyar da ta sami 'yanci sai ta koma wa naitirojin, wani ɓangare na ribar da aka zata ya zube. Wanda ke duban salansa kaɗai, ko gona kaɗai, ba zai taɓa ganin wannan musaya ba.

Turai ce ta fara mayar da irin wannan lissafi yarjejeniya tsakanin ƙasashe. Tun ƙarshen shekarun 1960 masana a Suwidin suka nuna cewa kifayen tafkunansu na mutuwa saboda ruwan sama mai tsami da hayaƙin Ingila da tsakiyar Turai ke haifarwa. Wannan ya kai ga yarjejeniyar Janeba ta 1979. Matakin farko kan salfa, na 1985, kuɗin goro ya yi wa kowa: kowace ƙasa ta rage kashi 30 cikin 100. Amma a 1999, a birnin Gotenbag, aka sa hannu kan wata yarjejeniya mai ɗauke da abubuwa huɗu a tare, wato salfa, hayaƙin naitirojin, tururin sinadarai da amoniya, domin magance illoli uku: tsamin ƙasa da ruwa, yawan naitirojin da ke shaƙe tafkuna da dazuzzuka, da ozon. An ba kowace ƙasa nata kason daban, bisa lissafin manhajar EMEP da ake gudanarwa a Oslo, mai nuna hayaƙin wa ke sauka a ƙasar wa, da manhajar RAINS ta wata cibiyar bincike da ke kusa da Biyana, mai neman hanyar da ta fi araha. A 2012 aka ƙara PM2.5 a ciki. Hayaƙin salfa na Turai ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 tun 1990. Ƙasashen da ba su yarda da juna ba sun iya yarda da lissafi ɗaya, saboda kowa na iya buɗe shi ya duba.

Abin da masu suka ke cewa

Suka ta farko ita ce mafi nauyi: abin da aka shuka shi ke tsirowa, in kundin hayaƙi ƙarya ne, amsar kwamfuta ma ƙarya ce. Wannan gaskiya ce, kuma an ga misalinta. A Satumban 2015 hukumomin Amurka suka bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal wata dabara mai gane lokacin gwaji, ta yadda a kan titi wasunsu ke fitar da hayaƙin naitirojin da ya kai ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya. Duk lissafin da ya dogara kacokan da alƙaluman ɗakin gwaji ya raina hayaƙin dizal. Sai dai a duba yadda irin wannan ɓaraka ke fitowa fili. Shekaru kafin asirin ya tonu, masana a Turai suna ta nuna cewa naitirojin dayoksaid a bakin tituna ta ƙi sauka yadda dokokin motoci suka yi alkawari. Da ba a yi lissafin abin da ya kamata a gani ba, da babu wanda zai san cewa abin da ake gani ya saɓa. Saɓani tsakanin hasashe da awo shi ne ƙararrawar da ke cewa akwai hayaƙin da ba a ƙidaya ba. Maganin kundi mai rauni shi ne a gyara kundin, kuma manhajar ce ke nuna shafin da ke buƙatar gyara.

Suka ta biyu tana cewa gani ya kori ji: tunda akwai na'urorin awo, ga kuma tauraron ɗan'adam, me ya kawo kwaikwayo? Amsar tana cikin iyakar kowannensu. Tashar awo ta ƙwarai tana da tsada, kuma iskar da ke kewaye da ita kawai take shaida. Mita ɗari biyu daga babban titi labari ya sauya. Ƙananan na'urori masu araha sun taimaka ƙwarai, amma laima da ƙura na ruɗa su, sai an riƙa daidaita su da manya. Tauraron Sentinel-5P da Turai ta harba a Oktoban 2017 yana ganin naitirojin dayoksaid a duk duniya, amma sau ɗaya yake wucewa a yini, da tsakar rana, gajimare na tare masa gani, kuma jimillar abin da ke tsakanin ƙasa da sama yake aunawa, alhali mutum a ƙasa yake numfashi. Kafin a mayar da abin da tauraro ya gani zuwa abin da ke shiga hancin yaro a hanyar makaranta, sai an nemi taimakon manhajar kwaikwayo. Ƙididdigar mace-macen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta alaƙanta da gurɓatar iskar waje ma daga haɗa ukun nan ta fito. Duwatsun murhu ne: awon ƙasa, idon tauraro da lissafi, in aka zare ɗaya tukunya ta kife.

Suka ta uku ta fi kusa da siyasa. Ana tsoron cewa sarƙaƙiyar lissafi za ta zama mafakar masu jan ƙafa, mai masana'anta ya ce tunda rage hayaƙi na iya ƙara ozon, a dakata sai an ƙara bincike. Wannan haɗari ne na gaske, amma lissafin da kansa ya rushe hujjar. Hawan ozon ɗin na ɗan tsakani ne. Idan aka ci gaba da rage hayaƙin naitirojin sosai, tare da tururin mai, ozon kan juyo ta sauka, ɓurɓushi ma ya ragu. Los Anjeles ta shaida haka, domin duk da ƙaruwar mutane da motoci, ƙololuwar ozon a yankin ta faɗi zuwa ƙasa da rabin abin da take a shekarun 1970. Abin da lissafi ke koyarwa shi ne jerin matakai da gwargwadonsu: wanne za a fara, wanne za a haɗa da wanne.

Namu rabon

A nan yankinmu wani zai kawo suka ta huɗu: ai mafi yawan abin da ke cikin iskarmu ƙurar hunturu ce, daga Allah take, babu dokar da za ta hana ta. Lallai kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, yana cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura na duniya, kuma iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta ta ratsa Damagaram da Kano har gaɓar teku. Amma wannan dalili ne na neman lissafin. Da farko, ƙurar da ba a iya hanawa ana iya hango ta: cibiyar hasashen ƙura ta Barsalona, ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya, tana fitar da hasashen kwanaki masu zuwa ga arewacin Afirka, wanda zai amfani mai asma da asibiti da filin jirgin sama, musamman a yankin da sanƙarau ke tashi a lokacin rani. Na biyu, hazon da ke sauka a kan Kano da magariba a watan Janairu ba ƙurar Bodele kaɗai ba ce. A ciki akwai hayaƙin icen girki da gawayi, na a-daidaita-sahu da tsofaffin motoci, na janaretocin da ke ruri a bayan kowane shago, na bolar da aka cinna wa wuta, da na tayar da ake babbaka da ita a mahauta. Da daddare iska mai sanyi kan kwanta ƙasa ta danne wannan haɗi a daidai tsayin mutum. Wane kaso ne na hamada, wane ne namu? Babu yadda za a raba su sai da awo da lissafi a tare.

Babban giɓin shi ne kundin hayaƙi. Manhajojin duniya suna lissafa sararin Afirka ta Yamma kullum, amma da alƙaluman da aka fi gina su bisa tsarin rayuwar wasu ƙasashe, inda manyan tashoshi da masana'antu ne ke fitar da mafi yawan hayaƙi. Namu kuwa a warwatse yake cikin miliyoyin ƙananan wutace. A 2016 masu bincike biyu, Eloise Marais da Christine Wiedinmyer, suka wallafa kundin DICE-Africa, wanda ya ƙidaya janareta da babura da kananzir da yin gawayi da ƙona iskar gas da ƙananan matatun ɓoye na yankin Neja Delta. A damunar wannan shekarar, wani shirin bincike mai suna DACCIWA ya yi amfani da jiragen sama uku ya auna iskar kudancin Afirka ta Yamma, sakamakonsa kuma ya nuna cewa kundayen da ake da su sun raina hayaƙin biranen yankin. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da rage salfar da ke cikin mai zuwa kashi 50 cikin miliyan, bayan shekarun da Najeriya ke karɓar dizal mai kashi 3,000, Turai kuwa 10 ta yarda da shi. Irin wannan mataki ne ya kamata a iya lissafa ribarsa ga lafiyar jama'a, birni-birni, don kada a sassauta shi ranar da masu shigo da mai suka matsa.

Kayan aikin ba su fi ƙarfinmu ba. CMAQ da GEOS-Chem kyauta ne, bayanan Sentinel-5P da na Copernicus ma kyauta ne. Akwai cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET a Yamai, akwai NiMet da NESREA a Najeriya, akwai sassan kimiyyar sinadarai da na yanayi a jami'o'inmu. Abin da ya rage shi ne aikin da babu baƙon da zai yi mana: ƙidaya motoci da janaretoci da buhunan gawayin da ke shiga birni, kafa 'yan tashoshin awo na ƙwarai da ba za su mutu bayan bikin buɗewa ba, buɗe alƙalumansu ga kowa, da riƙe matasan da aka horar da albashin da zai zaunar da su. Kira ga gwamnatocin jihohi da na ƙasa, a Najeriya da Nijar, shi ne kafin a hana wata sana'a ko a kashe biliyoyi da sunan tsabtace iska, a fara sanin abin da ke cikin tukunyar da kuma yadda yake haɗuwa. Kira ga jami'o'i kuma su ɗauki wannan fanni da muhimmanci, su ba ɗalibai aikin biranensu. Babban mutum yana shaƙar iska fiye da lita 10,000 a kowace rana, bai kuma da zaɓin tace ta kafin ta shiga ƙirjinsa. Haƙƙinsa ne a san abin da ke cikinta, kuma rigakafi ya fi magani.